Abin da Sa Yake Gani a Bakin Kamyo



Babu wanda ya taɓa lodin shanu a cikinmu da bai san wannan ba. An gama ciniki, an biya la'ada, an karɓi takardar likitan dabbobi, kamyo ya ja baya ya manna gindi da tudun lodi, shanu biyar ko shida sun hau lafiya lau, sai wani sa ya zo daidai bakin mota ya kafe. A ja igiya, ya ƙi. A murɗa wutsiya, ya ƙi. Daga nan sai sanda da ihu, mutum huɗu a kansa, har dai ya zabura ya hau da jini a hanci, ko kuwa ya zame ya faɗi. In an yi sa'a ƙujewa ce kawai. In an yi rashin sa'a ƙafa ta karye, sai a nemo mahauci nan take, bijimin da aka saya jaka 500 a ba da shi yadda ta kama. Ka tambayi kowa a wurin dalili, amsa ɗaya ce: taurin kai gare shi.

To, amma me ya sa kusan kullum a wuri ɗaya suke kafewa? Shanun Abalak da na Masaget ba su taɓa haɗuwa sun yi shawara ba, amma ka kawo su tudun lodi ɗaya, a taku ɗaya za su tsaya.

Akwai mutanen da suka mai da amsa irin wannan tambaya sana'a. Suna cikin fannin ilimin halayya, wato saikoloji, mai binciken yadda mutum da dabba suke gani, suke tsoro, suke koyo, suke yanke shawara. Manyan hanyoyi biyu gare su. Ta farko, a kawo mutum ko ɓera ko tantabara cikin ɗakin gwaji, a rufe ƙofa, a canza abu ɗaya a ga abin da zai biyo baya. Ta biyu, wadda ita ce maganarmu ta yau, mai binciken ne yake tashi ya tafi inda abin yake faruwa, kasuwa ce, makaranta ce, daji ne ko garke, ya nemi gefe ya zauna, kada ya taɓa komai, kada ya sa baki, ya yi ta kallo yana rubutawa. Mu kira ta binciken lura. Dalilin fita kuwa kowane falke ya san shi: wanda ya ga sa a ɗaure a kara bai san halinsa ba tukuna, sai ya bi shi kwana uku a kan burtali.

Na san wani zai yi dariya ya ce ashe sa-ido ma ya zama karatun jami'a. Ai da bambanci. Ɗan sa-ido ya gama yanke hukunci tun daga gida, gishirin gulma ya fito nema. Shi kuwa mai binciken lura, aikinsa mafi wuya shi ne raba abin da idonsa ya gani da abin da zuciyarsa ta raya masa. In ya rubuta "sa ya tsaya taku biyu kafin bakin mota, ya sunkuyar da kai, ya hura hanci," wannan gani ne. In ya rubuta "sa ya yi taurin kai," wannan fassara ce, kuma da zarar ka yi fassara ka rufe wa kanka ƙofar tambaya, sai sanda.

Cikin waɗanda suka kafa wannan hanya akwai wasu malamai biyu a Amurka, Roger Barker da Herbert Wright. A shekarar 1947 suka buɗe ofishi a wani ɗan gari mai suna Oskaloosa a jihar Kansas, wanda mutanensa ba su kai 1,000 ba, aka yi ta lura da rayuwar garin har 1972. Wata rana a 1949 mutum 8 suka yi karɓa-karɓa suna bin wani yaro ɗan shekara 7, da yardar iyayensa, tun tashinsa daga barci har ya kwanta, suna rubuta duk motsin da ya yi. Abin da suka tara a wunin nan guda ya fito littafi mai shafi sama da 400 a 1951. Wani zai ce ɓata takarda ne. Amma daga irin wannan aiki Barker ya fito da wata magana mai nauyi: in kana so ka san abin da mutum zai yi, sau da yawa sanin wurin da yake ya fi sanin halinsa amfani. Yaron da yake tsit a aji shi ne mai ihu a filin wasa, kuma yara iri-iri in sun shiga aji ɗaya kusan abu ɗaya suke yi. Mu ma shaidu ne. Dillalin da yake rantse-rantse a kara, ka same shi a sahun Juma'a ko a gaban ɗan duwan, kamar ba shi ba.

Ku riƙe wannan magana ta wuri, domin ita ce za ta mai da mu bakin kamyo.

Matar da ta shiga hanyar shanu

Temple Grandin Ba'amurkiya ce, an haife ta a 1947. Tana da wata lalura da likitoci ke kira otizim, ba ta fara magana ba sai da ta haura shekara 3, kuma ita da kanta takan ce da hotuna take tunani, ba da kalmomi ba. Digirinta na farko a 1970 a kan ilimin halayya ne. Daga baya ta juya wajen dabbobi, har ta zama farfesa a jami'ar jihar Kolorado.

A shekarun 1970 ta riƙa zagaya manyan gidajen turkar shanu a jihar Arizona. A can ba a ja da igiya kamar nan. Wata ƴar siririyar hanya suke yi mai shinge hagu da dama, shanu su bi layi ɗaya bayan ɗaya zuwa wurin allura ko lodi. Kuma matsalarsu irin tamu ce sak: shanu su kafe, ma'aikata su yi ta ihu suna tsikararsu da sandar lantarki. Abin da ta yi shi ne abin da babu wanda ya yi tunanin yi. Ta tsaya kwana da kwanaki tana ƙirga inda suke tsayawa, sa'an nan ta shiga cikin hanyar da kanta, ta sunkuya daidai tsayin idon saniya, tana ɗaukar hoto.

Sai ga abubuwa sun fito fili. Inuwar ƙarfen shinge da ta gitta ƙasa. Sarƙa da take lilo. Rigar ma'aikaci da aka rataye a kan shinge iska na kaɗa ta. Ruwa kwance yana ƙyalli. Wurin da ƙasa ta canza daga siminti zuwa ƙarfe. Mutum tsaye a gaba ana hango shi ta tsakanin sanduna. Ƙofar da cikinta duhu ne alhali waje rana ce tsaka. Ƙananan abubuwa ne da mu ba ma ko ganinsu saboda sabo, amma kowanne yana iya tsai da garke. Sau da yawa in an cire rigar, ko an ɗaure sarƙar, ko an sa fitila a bakin ƙofa, sai shanu su wuce ba a daki ko ɗaya ba.

Dalilin yana cikin halittar idon. Idon saniya a gefen kai yake, don haka tana ganin kusan duk kewayenta ba sai ta juya ba, in ban da ɗan wuri daidai bayan wutsiyarta. Wannan baiwa ce ga dabbar da kura da zaki suke farauta. Amma abin da ta samu a faɗi ta rasa shi a zurfi. Ba ta iya gane zurfin abin da ke gabanta a ƙasa da sauri yadda mu muke yi, sai ta tsaya ta sunkuyar da kai ta duba. Baƙar inuwa a ƙasa, a wurinta, tana iya zama rami. Wato san nan da ya sunkuyar da kai a bakin mota dubawa yake yi ko akwai inda zai sa ƙafa. Daidai lokacin ne kuma mu muke sauke masa sanda a baya, daga wurin da ba ya gani.

Ta kuma lura shanu sun fi son fita daga duhu zuwa haske, muddin hasken ba ya dukan ido. Suna son bin na gabansu, kuma wanda aka ware shi kaɗai shi ne ya fi haukacewa. Ƙara mai kaifi, irin ihu da fito da bugun ƙarfe, ta fi damunsu fiye da yadda take damunmu. Sa'an nan akwai maganar kafaɗa: in ka tsaya bayan kafaɗar sa gaba zai yi, in ka tsaya gabanta baya zai ja. Yanzu ku tuna inda masu jan igiya suke tsayawa a lodinmu. Gabansa suke, cikin mota, suna kallonsa ido cikin ido, na baya kuma suna duka. Mun ce masa zo, mun ce masa koma, a lokaci ɗaya. In kuwa ya riga ya firgita, yakan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin hankalinsa ya kwanta, don haka garajen da muke yi don mota ta tashi da wuri shi ne yake cinye mana lokacin.

Akwai wani labarinta da yake burge ni, don ya nuna gyaran mutane ya fi gyaran wuri wuya. A lokacin ana tsoma shanun Arizona cikin wani dogon kwarami mai ruwan magani saboda ciwon fata. Mashigar kwaramin gangare ne mai santsi, da gangan, don dabba ta zame ta faɗa, kuma wasu kan kife su nutse. Ta lura santsin ne yake firgita su. Ta zana sabuwar mashiga ta siminti mai zurfafan tsage inda kofato zai kama, shanu suka riƙa takawa da kansu suna shiga ruwa. Amma ma'aikatan wurin ba su yarda saniya za ta shiga ruwa don kanta ba, sai suka shimfiɗa farantin ƙarfe a kai don santsin ya dawo. Shanu suka sake nutsewa. Sai da aka cire ƙarfen aka zauna lafiya.

Abu na ƙarshe da ta kawo, wanda a ganina ya fi duka amfani gare mu, shi ne ƙidaya. A 1996 ta zagaya mayanka na Amurka da sunan ma'aikatar gona ta ƙasar, ta fito da wani awo mai sauƙi. Ka tsaya ka kalli shanu 100 suna wucewa, kowanne ka amsa i ko a'a: ya faɗi? ya yi kuka? an tsikare shi? Ƙa'idar da aka tsayar ita ce kada masu faɗuwa su wuce 1 cikin 100, masu kuka kada su wuce 3. Daga 1999 kamfanin abinci na McDonald's ya fara auna mayankan da yake sayen nama a wurinsu da wannan awo, kuma da masu mayanka suka ga ciniki zai kuɓuce, sai gyara ya zo da sauri. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne. Sai dai in ana gardama tsakanin mai shanu da shugaban ƴan lodi, kimar ido ba ta raba ta, kowa da tasa. Mudu ke rabawa.

Kada fa a ɗauka duk abin da ta gani a Arizona haka yake a Tunfafi ko Adumri. Shanunsu a sake suke tashi cikin makeken fili, ba su cika ganin mutum ba, tun daga nesa suke gudu. Namu a hannu suka tashi, sun san murya, sun san sunansu, bin makiyayi suke yi ba kora ba. Ko a cikin namu ma, Azawak daban, Gudali daban, jan Bororo kuwa in ba mai shi ba ne kusantarsa sai da dabara. Gininta ba lalle ya yi mana daidai ba. Hanyar kallonta ce za mu ɗauka.

Wasu ma nan suka zo suka yi kallon. Malamai biyu daga jami'ar Kalifoniya, Dale Lott wanda ya karanci ilimin halayya da Benjamin Hart likitan dabbobi, sun lura da Fulani makiyaya a arewacin Nijeriya, suka buga abin da suka gani a 1977 da 1979. Sun ga makiyayi yana ɗaukar matsayin babban bijimin garke: in sa ya yi masa barazana ba ya bari ta kwana, in biyu suna faɗa ya shiga ya raba. Sun kuma ga yana shafa shanunsa a kai da wuya da cikin cinya, irin wuraren da uwa take lasar maraƙinta, har dabba ta zo da kanta ta miƙa wuya. Tsoro da so a haɗe, shi ya sa yaro ɗan shekara goma yake juya garke da murya. Wannan duk Bafulatani ya sani tun kakanni, su dai sun rubuta ne. Amma da suka wuce nan suka fara danganta wannan da halin Fulani gaba ɗaya, har da sharo, ni a nan na ja baya. Shanu da makiyayi sun gani da ido. Halin al'umma guda kuwa ba abin da baƙo zai gani ba ne a ɗan zaman da ya yi.

A Kenya kuma Viktor da Annie Reinhardt sun shafe shekaru suna lura da garke ɗaya na shanu masu tozo irin namu, suka buga sakamako a 1981. Sun ga kowace saniya tana da abokan kiwo da na lasa da ta fi so, mafi yawa ƴaƴanta, kuma wannan zumunci yana ɗorewa shekara da shekaru. Mu kuwa sai mu sayi biyu a nan, uku a can, ɗaya a wata kasuwa, mu cusa su mota ɗaya a dare ɗaya. Baƙin juna in sun haɗu dole su gwada ƙarfi kafin kowa ya san matsayinsa, kuma masu binciken nama sun tabbatar irin wannan faɗa da wahala kafin yanka suna sa nama ya yi duhu, ya kuma yi saurin lalacewa. Mahaucin Legas ko Ibadan da yake rage maka kuɗi yana cewa shanunka sun sha wuya, wani lokaci ba wayo kaɗai yake yi ba.

Inda ido yake yaudara

Da kallo kawai ne, da kowa malami ne. Ido yana da ha'inci iri-iri, kuma masu wannan ilimi sun sha kunya kafin su gane.

Na farko, ido yana bin abin da ya fi hayaniya. Wata mai bincike, Jeanne Altmann, wadda ta yi shekaru tana lura da manyan birai irin bika a dajin Amboseli na Kenya, ta rubuta wata maƙala a 1974 da har yau ake koyar da ita. Ta nuna in mutum ya zauna yana rubuta duk abin da ya ja hankalinsa, faɗan manyan maza zai cika littafinsa da shi, mata da ƙanana da suke harkarsu shiru ba za su fito ba. Maganin da ta tsara shi ne ka ɗaure idonka da ƙa'ida tun kafin ka fara. Ko dai ka zaɓi dabba ɗaya ka bi ta na wani ƙayyadadden lokaci, ko ta yi abin kallo ko ba ta yi ba, sa'an nan ka koma kan wata. Ko kuwa duk bayan ƴan mintoci ka share garke duka da ido ka rubuta abin da kowacce take yi a daidai lokacin. Mu ma haka muke a zancen hanya: motar da ta kashe mana sa biyu ba ma mantawa da ita har abada, goman da suka isa lafiya babu mai tuna su.

Na biyu, kasancewarka a wurin tana canza abin da kake kallo. Jane Goodall ta isa Gombe a watan Yuli na 1960, ba Gomben Nijeriya ba, wani daji ne a bakin tafkin Tanganyika a ƙasar da yanzu ake kira Tanzaniya. Birai masu kama da mutum da ta je kallo, cimpanzi, wata da watanni suna gudunta, sai da haƙuri suka saba da ita, har ta ga suna gyara tsinke suna zura shi cikin suri suna ciro gara, abin da a da ake cewa ɗan Adam kaɗai ke ƙera kayan aiki. Amma daga baya da aka fara ajiye musu ayaba don su riƙa zuwa kusa, sai suka riƙa taruwa wuri ɗaya faɗa ya ƙaru, ita ma ta amsa cewa ayabar ta canza su. In biri ya canza don an zo kallonsa, ina ga ɗan lodi? Ranar da Alhaji yake tsaye babu mai murɗa wutsiya. Sai ka yi ta zuwa har sun daina ganinka baƙo kafin ka ga lodi na gaskiya.

Na uku ya fi ban dariya. A birnin Balin na Jamus, wajen 1904, an yi wani doki mai suna Hans da aka ce ya iya lissafi. A tambaye shi, ya buga kofato daidai adadin amsa ya tsaya. Mai shi, Wilhelm von Osten, ba ɗan damfara ba ne, shi ma ya yarda. Sai wani masanin halayya, Oskar Pfungst, ya bi abin a hankali, ya buga bayaninsa a 1907. Ashe in mai tambaya bai san amsar ba, ko dokin ba ya ganinsa, lissafi ya rushe. Mutane ne, ba da saninsu ba, suke ɗan sunkuyawa in ya fara bugu, su ɗan ɗaga kai in ya kai adadin, shi kuwa dokin jikinsu yake karantawa. Darasin da aka ɗauka shi ne mai kallo yana iya haifar da abin da yake so ya gani. Shi ya sa akan sa mutum biyu su ƙirga abu ɗaya, kowa da takardarsa, ba tare da sun yi magana ba, sa'an nan a gwada. In lissafinsu ya saɓa da yawa, ba a yarda da ko ɗaya ba. (Dillali mai wayo ma ɗan'uwan Hans ne. Tun kafin ka yi tayi ya karanta a fuskarka wane sa ne ya shiga ranka.)

Sa'an nan ga iyakar da hanyar ba ta iya ƙetarewa: lura tana gaya maka abu biyu suna tafiya tare, ba ta gaya maka wanne ya haifi wanne. A ce ka rubuta shekara guda, ka ga motar wani direba ta fi kowacce kawo matattu. Kafin ka ɓata masa suna, duba. Wataƙila shi ne mai arha, don haka masu ramammun shanu suke ɗaukarsa. Wataƙila shi ke bin hanyar da ta fi yawan shinge, shanu su wuni a rana. Wataƙila da bazara ya fi samun lodi. Sai ka canza abu ɗaya, ka bar sauran yadda suke, kafin ka san dalili, kuma a nan ka bar lura ka shiga gwaji. Abin da Grandin ta yi ke nan da ta cire riga daga shinge ta sake ƙirgawa.

Mu kanmu an taɓa zama an kalle mu. Abner Cohen, malamin nazarin al'umma, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a 1962 da 1963, yana shiga kara yana zama da masu gida. Ya rubuta yadda cinikin shanu yake tafiya a kan bashi ba takarda: mahauci ya ɗauka sai ya sayar ya biya, maigida ya tsaya wa falke, dillali kuwa ya riƙe a kansa wane mahauci ne mai biya, wane ne mai zillewa. Wannan sanin na dillali ma lura ce ta shekaru, sai dai a ka take, in ya mutu ya tafi da ita. Amma kallon mutane yana da haƙƙi da kallon shanu ba shi da shi. Abin da mutum ya yi a bainar jama'a kana iya ƙirgawa, ban da sunansa da sirrin cinikinsa. Kuma ka sanar da sarkin kara da shugaban ƴan lodi abin da kake yi, domin mutum da kaye da biro a kasuwar shanu, kowa zai ce ɗan haraji ne. A bakin iyaka kuwa, inda masu kaki suke, ban ba kowa shawarar fito da takarda ba.

Ni na ɗan gwada a wata kara, ranar da ba ni da kaya. Na gangara na tsuguna a gindin tudun lodi, yara suna ta dariya. Abin da na gani: tsakanin bakin tudu da gindin mota akwai rata kamar tafin hannu, haske yana fitowa ta ƙasa. Cikin motar duhu ne don an riga an ɗaura itatuwa da kaya a sama. Wani yaro yana zaune a kan ƙarfen sama daidai ƙofa, ƙafafunsa suna lilo, rigarsa tana kaɗawa. Shekara nawa ina lodi a wurin ban taɓa ganin ko ɗaya ba, don kullum a baya nake ina ihu tare da kowa. Na roƙa aka toshe ratar da buhu aka zuba yashi, aka sauko da yaron. A idona lodin ya fi sauƙi. Amma mota ɗaya ce, rana ɗaya ce, kuma ni ne mai son abin ya yi, don haka kada ku kafa hujja da ni.

Hujja sai mun haɗa hannu. Wanda yake da yaro mai rubutu, boko ko ajami duk ɗaya, ya ba shi kaye. A saman shafi ya sa sunan kasuwa, kwanan wata, ƙarfe nawa aka fara, ina rana take, da irin shanun. Sa'an nan kowane sa layi ɗaya, tun daga na farko har na ƙarshe, ba wanda ya yi rigima kaɗai ba: ya tsaya ko bai tsaya ba, a ina ya tsaya, an dake shi, ya faɗi, ya yi kuka. A ƙasan shafi, in an isa Kudu, a ƙara nawa suka sauka da ƙafarsu, nawa aka ja, nawa aka yanka a hanya. Ban da sunan direba, ban da sunan ɗan lodi. Wanda ya cika shafi goma ya kawo wa magatakardan ƙungiya, a haɗa da na sauran kasuwanni kafin taron gaba.